ƘOTAR BINDIGA IN TA TSAGE

Ya kai manomi, da kai dagaci mai riƙon jama'a, ga magana a kan itacen bindiga, wanda a ke kira ƙota. Ko wane mai bindiga ya san darajar ƙarfenta. Ya kan goge shi, ya shafa masa mai, ya toshe bakinsa da tsumma don kada zanzaro ya yi gini a ciki. Amma itacen ba mai kula da shi sai ran da ya tsage. Ran nan kuwa sai a nemo waya ko robar tayan keke a naɗe wurin, a ce an gyara. Abin da mu ke so ka riƙe daga wannan takarda shi ne, naɗi ɓoye ciwo ne kawai. Ƙotar da ta tsage, ko dai a haɗa ta haɗi na gaskiya, ko a sassaƙa sabuwa da busasshen itace, ko kuwa a jingine bindigar.

Wanda ya san Zariya ya san Kwangila, mararrabar nan inda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta ƙetare hanyar da ta fito daga wajen Tudun Wada da Sabon Gari, ta bi ta Samaru da Shika da Giwa, ta nufi Funtuwa har Sakkwato. Ta nan manoman ƙauyukan arewa da yammacin Zariya su ke shigowa gari sayen taki da iri da kayan aiki, ta nan kuma su ke komawa. A gidaje da yawa na ƙauyukan nan akwai tsohuwar bindiga ta gado, wadda a ke korar birai da ita daga gonar masara, a harbi zabin daji ko fakara da rani. Akwai kuma ta 'yan bindigar sarki, masu buga ta ran hawan salla. Duk mai irin wannan, da duk mai shugabancin masu ita, da shi mu ke.

1. BINDIGOGIN DA KE HANNUN MANOMA

Iri biyu ne. Ta fari ita ce wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki, watau harba-ka-ruga, wadda waɗansu ke kira bindigar toka ko baushe. Daga fataucin bakin teku ta samo asali. Turawa sun daɗe suna kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, da yawa kuwa a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. A shekara ta 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasal, suka tsananta hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, amma suka bar mai dutsen ƙyastu da albarushinta. Wannan yana cikin abin da ya sa ta yaɗu, maƙeranmu kuma suka ƙware da ƙera ta. Itacenta guda ɗaya ne dogo, tun daga kafaɗa har kusa da baki.

Ta biyu ita ce mai karyewa a tsakiya, wadda a ke sa wa harsashi ta baya, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Yawancinsu lamba 12 ne. Ma'anar lambar ita ce, in aka raba laba ɗaya ta darma kashi 12, aka mulmula ko wane kashi, to, ƙwallo ɗaya shi ne daidai faɗin bututun, watau kamar milimita 18 da rabi. Tsofaffin da yawa na Ingila ne, irin na kamfanin Greener na Birmingham. Daga baya Baikal ta Rasha ta shigo, wadda a ke ƙerawa a garin Izhevsk. Itacen waɗannan kashi biyu ne, da ƙota ta baya, da ɗan guntu na gaba inda hannun hagu ke riƙewa. Da itacen ƙasarsu Turawa su ke yi, wanda su ke kira wolnot, masu araha kuwa da wani mai suna bic.

2. AIKIN DA ƘOTA KE YI

Ƙota tana da kai, da wuya, da gindi. Kai shi ne inda itace ya haɗu da ƙarfe. Wuya shi ne siririn wurin da hannun dama ke kamawa. Gindi shi ne mai faɗin da ke zama a kafaɗa.

Harsashin lamba 12 ya kan ɗauki ƙwayoyin darma kamar giram 28 zuwa 36, su kan fita bakin bindiga da gudun kamar mita 400 a sakan ɗaya, watau sun fi sauti sauri. Ƙarfin da ya tura darma gaba shi ne kuma ya ke tura bindiga baya, shi ne shurin da ka ke ji a kafaɗa. To, shurin nan duka ta kan ƙota ya ke shiga, wurin da faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, sa'an nan ya bi ta wuya, wanda ga shi siriri, ga shi kuma an rarake cikinsa don ƙarfe da ƙusoshi su zauna. Shi ya sa yawancin tsaguwa daga kai ta ke farawa, ta gangaro wuya.

Akwai aiki na biyu wanda mutane da yawa ba su sani ba. A cikin harba-ka-ruga, da tsofaffin masu baki biyu da yawa, itace ne ke riƙe da ƙarafan kunama ko wane a mazauninsa. In itacen ya sassauta, ko ya lotsa, sai ƙarafan su gusa. Gusawar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta sa bindiga ta tashi ba wanda ya taɓa kunama, ko wajen rufe ta, ko in ta bugi wani abu.

In kuwa wuya ya karye daidai lokacin harbi, ƙarfen ya kan dawo baya, ba abin da ke gabansa sai babban yatsanka da kuncinka da idonka. Bakin bindigar kuma ya kan kauce, ba ka san wanda zai fuskanta ba cikin abokan farauta.

3. ABIN DA KE KAWO TSAGUWA

Na fari hunturu ne. A Samaru, inda aka kafa tashar aikin gona tun shekara ta 1922, ruwan shekara ya kan kai kamar milimita 1,000, kusan dukansa kuwa tsakanin Mayu da Oktoba ya ke sauka. Cikin Agusta danshin iska ya kan kai kashi 80 cikin 100. Cikin Janairu da Fabrairu ya kan sauka ƙasa da kashi 20. Itace kuwa, ko ya shekara ɗari da sarewa, bin iska ya ke yi. Da damina ruwan da ke jikinsa ya kan doshi kashi 16 cikin 100, ya kumbura. Da hunturu ya sauko kamar kashi 5, ya tsuke. A faɗi ya ke yin wannan motsi, a tsawo kusan ba ya yi. Itace mai faɗin inci 2 yana iya motsawa kusan milimita 1 tsakanin damina da rani, ƙarfen da ke cikinsa kuwa yana nan yadda ya ke. Ka ga ƙyauren ɗakinka yana cijewa da damina, ya yi sako-sako da hunturu. Haka ƙota ta ke yi shekara da shekaru, har ta gaji.

Na biyu sassaucin ƙusa ne, kuma daga na farin ya ke tasowa. Itace ya tsuke, ƙusa ta yi sako-sako, ƙarfe ya sami wurin motsi. Daga nan ko wane harbi sai ƙarfen ya daki itacen kamar yadda a ke faskare.

Na uku mai ne. Mai bindiga ya zuba wa bututu baƙin mai ko man gyaɗa, ya jingine ta baki sama. Man ya gangaro sannu sannu ya shige kan ƙota. Bayan shekaru sai wurin ya yi baƙi, ya yi taushi, ya kasa ɗaukar shuri.

Na huɗu wulakanci ne: ɗaure bindiga a jikin keke ko babur tana bugun ƙarfe, da ƙarasa naman da aka harba da gindinta, da dogara ta kamar sanda wajen ƙetare rafi.

Na biyar gara ce, da ƙwarin nan masu huda itace su bar gari a bakin rami.

4. YADDA ZA KA DUBA

Kafin kome, ka tabbata ba kome a cikinta. Mai karyewa, ka buɗe ta ka leƙa. Harba-ka-ruga kuwa, ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi shaida a daidai baki, ka zaro ka gwada ta a bayan bututu. In ba ta kai ƙarshe ba, akwai ɗuri a ciki. Albarushin da ya shekara da yawa a bushe yana nan da ransa.

Sa'an nan ka fita cikin haske. Ka riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, gindi da ɗaya, ka murɗa kaɗan a hankali. In ka ji motsi, ko ka ga tsaguwa tana buɗe baki, ka lura da inda ta fara da inda ta tsaya. Ka shafa jiƙaƙƙen tsumma a wuya ka jira. Fuskar itacen za ta bushe, amma siririyar tsaguwa za ta zauna da duhunta, ka gan ta sarai. Ka danna farce a kan ƙota. In ya nutse, mai ya riga ya ci wurin.

Kada ka tsaya a kan itace kaɗai. Ka duba ƙarfen, gama ba amfanin yi wa mataccen bututu sabuwar ƙota. In tsatsa ta ci ramuka a ciki, ko bututun ya kumbura a wani wuri, ko ya lotsa, ko yana girgiɗi bayan an rufe, to, bindigar ta gama aikinta. Haka kuma wadda aka yi da bututun ruwa. Tsofaffin na Ingila suna da hatimi a ƙarƙashin bututu, na gidan gwajin bindigogi irin wanda aka kafa a Birmingham a shekara ta 1813. Da yawansu don gajeren harsashi mai milimita 65 aka yi su, na kasuwa a yau kuwa yawanci 70 ne. Sa dogo a mazaunin gajere yana ƙara wa ƙarfe da itace wahala. Kada kuma a kuskura a farke harsashin zamani a juye garinsa cikin harba-ka-ruga, gama ya fi ƙarfinta, yana fasa ta.

In ƙarfe lafiya lau ne, ga hukuncin itace. Tsaguwar da ta bi tsawon itace, ba guntun da ya ɓace, itacen kuma da ƙarfinsa, tana haɗuwa. Wadda ta gitta wuya ta raba shi biyu, ko wadda ta faru a itacen da mai ya ruɓar ko gara ta ci, ko wadda aka riga aka farfasa da ƙusoshi, wannan sai sabuwa.

5. ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Bindigogi ta shekara ta 1959 ta ce mai sa harsashi ta baya sai da lasin daga Babban Sufeton 'Yan Sanda. Maganar lasin harba-ka-ruga kuwa tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Lasin na mai sunan ne, ba ya shiga gado. Saboda haka in bindigar ta mahaifinka ce, kada ka dogara ga takardarsa, sai ka kai maganar ga 'yan sanda. Dokar ta hana sana'ar gyaran bindiga sai ga wanda ya ke da izini daga Babban Sufeto. Ta kuma hana a rage tsawon bututu ya kasa inci 20. A shekara ta 2023 Babban Sufeto Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasin, saboda yawan makamai a hannun jama'a.

Don haka ba mu rubuta abin da ke biye domin kowa ya zama maƙerin bindiga ba. Mun rubuta ne domin ka san abin da za ka nema wurin mai gyara, ka kuma iya rarrabe aikin kirki da na ha'inci. In za ka kai ta gyara, ka tafi da takardarka, bindigar ba kome a ciki, a naɗe cikin buhu. Mararraba irin ta Kwangila, mai cike da motoci da jama'a, ba wurin ratsawa da bindiga tsirara ba ne.

6. HAƊA TSAGUWA

Sai a raba itace da ƙarfe tukuna. Waɗansu bindigogi doguwar ƙusa ɗaya ce ta ratsa ƙota tun daga gindi, a ƙarƙashin marfin da ke taɓa kafaɗa. Waɗansu kuwa gajerun ƙusoshi ne a sama da ƙasan wuya. A kwance su da sukuddireba wadda ta yi daidai da bakinsu, kada a fizge.

Sa'an nan a fid da mai, gama gam ba ya kama itace mai maiƙo. A kwaɓa garin alli da tina irin ta masu fenti, a shafe wurin, a ajiye inda akwai ɗumi. Allin zai tsotso man ya canja launi. A kankare a sāke, har ya daina canjawa. Wannan ya kan ci kwanaki, wani lokaci makonni. A yi shi a fili, nesa da wuta, gama tina tana kamawa da sauri.

Gam ɗin da ya dace shi ne mai kwalba biyu da a ke gaurayawa, irin su Araldite, mai jinkirin bushewa, wanda ke son kwana ɗaya cur. Mai kamawa cikin minti 5 ba ya samun damar shiga ciki. Farin gam na kafintoci ba ya cika gurbi, kuma ba ya son danshi.

A buɗa tsaguwar kaɗan da siririn tsinke, a tura gam har ƙarshenta, a riƙa matsawa ana saki don ya ratsa ko ina. A zare tsinken, a haɗa bakin daidai. A nan ne robar tayan keke ta ke da amfani. A yanka ta siri-siri, a naɗe wurin tam, ta matse shi har gam ya bushe, kashegari a kwance ta. Duk ƙarfen da zai taɓa gam a shafa masa kakin zuma, don kada ya manne har abada.

In tsaguwar a wuya ta ke, gam kaɗai bai isa ba. Sai a huda siririn rami ya gitta ta, a sa ƙusar tagulla mai zare, ko tsinken itace mai tauri, a shafe da gam. A huda tukuna, kada a buga. Ƙusar da aka buga da guduma faskara itacen ta ke yi. A lura kuma kada ramin ya shiga hanyar kunama.

Magabata su kan naɗe wuya da jiƙaƙƙen ƙirgi, in ya bushe ya tsuke kamar ƙarfe. Dabara ce mai kyau ga wanda ke cikin daji ba shi da wani abu. Amma ƙirgi ya kan saki da damina, tsaguwar kuwa tana nan a ƙarƙashi tana tafiya, ido ba ya ganinta.

7. SASSAƘA SABUWA

Abu uku a ke nema ga itace: irinsa, da zarensa, da bushewarsa.

Maɗaci yana da kyau, yana sassaƙuwa, yana riƙe ƙusa. Kanya tana da tauri da laushin fuska, gara kuma ba ta cika damunta ba. Kawo da maɗobiya ba su cika motsi tsakanin damina da rani ba, sai dai nauyi. Ƙirya ta cika nauyi da tauri, tana dakushe kayan aiki. Marke yana da ƙarfi, amma ya kan tsage wajen bushewa. Rimi kuwa, duk da ya ke shi ne adon Zariya, ba shi da wuri a nan, haka kuka, haka farin katako mai taushi. A ɗauki cikin itace, a bar farin da ke ƙarƙashin ɓawo, gama shi ƙwari su ke fara ci, a kuma kauce wa ɓargon tsakiya.

Zaren itace shi ne layin da ya ke bi in an faskara shi. Lalle ne zaren ya bi tsawon wuya sosai, tun daga kai har ya wuce inda hannu ke kamawa. In ya gitta wuya, ko akwai ido a wurin, ƙotar karyayya ce tun ba a sassaƙa ta ba. Ka duba katakon ta gefe, ka kuma duba ta sama, kafin ka biya.

Ga mai karyewa, guntu mai tsawon inci 18, faɗin inci 7, kaurin inci 2 da rabi ya isa. Amma fa sai ya bushe. Masu aikin katako su kan ba ko wane inci na kauri shekara ɗaya. Iskarmu ta fi ta Turai saurin busarwa, amma saurin nan shi ke tsaga itace. Sai a shafe bakinsa biyu da kaki ko fenti, a ajiye a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, iska tana ratsa shi ta ko wane gefe. Ya ga hunturu biyu a ƙalla. A riƙa auna nauyinsa wata wata. In ya daina raguwa cikin rani, ya yi. Katakon da ya zo daga dazukan kudu, irin wanda a ke sayarwa a 'Yan Katako ta Sabon Gari, ko da ya bushe a can, bai saba da hunturunmu ba, sai a sāke shanya shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba shi da lokacin jira, ya nemi tsohon ƙyaure ko jikin tsohon gado na maɗaci, gama wannan ya riga ya ga hunturu da yawa.

Ka sani kuma itatuwan nan sun yi ƙaranci. Yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa cinikin maɗobiya tsakanin ƙasashe takunkumi a shekara ta 2016, ta ƙara da maɗaci da kawo a 2022. Kada ka sare ɗanyen itace saboda guntu ɗaya. In tilas ne, ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji.

Kada a yar da tsohuwar ƙota, ko ta rabu biyu. A manne ta, ta zama abin kwaikwayo. Gwanin gyara da mazaunin ƙarfe ya ke farawa, tun itacen yana da kusurwoyinsa, sai daga baya ya fid da siffar waje da gizago da magagari. Ya kan kanga ƙarfen a hayaƙin fitila ya yi baƙi, ya danna shi a itace, ya cire. Inda baƙin ya taɓa, nan ya ke shaftarewa da kurfi kaɗan kaɗan, ya sāke gwadawa, har baƙin ya kama ko ina daidai. Abin da za ka duba shi ne, fuskar kan ƙota ta zauna a jikin ƙarfe dama da hagu ba rata, domin ita ce za ta ɗauki shuri. A bayan wutsiyar ƙarfen da ta kwanta bisa wuya kuwa a bar rata kamar kaurin takarda, don kada ta zama abin faskare.

Tsawo daga kunama zuwa gindi kamar inci 14 ne ga matsakaicin mutum. Ka ɗaga ta kafaɗa ido a rufe, ka buɗe. In idonka ya faɗa bisa tsawon bututu ba ka sunkuya ba, ta yi maka daidai.

Bayan an goge da samfefa, a shafa dafaffen man linsid na masu fenti, ɗan kaɗan da tafin hannu, a goge saura, a bari ya bushe, a sāke har sau da yawa. A shafa har cikin mazaunin ƙarfe da ƙarƙashin marfin gindi, gama ta nan danshi ya fi shiga. Man gyaɗa da man shanu da baƙin mai ba su bushewa. Tsumman da aka yi aikin linsid da shi a baza shi a fili, gama in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Ko haɗi aka yi ko sabuwa, kada harbin fari ya zama a kafaɗarka. Da fari, ba kome a ciki, a ɗana ta, a bugi gindin da tafin hannu, a ga ko kunama za ta saki. In ta saki, aiki bai ƙare ba. In ta riƙe, sai a ɗaure ta a tsohuwar tayar mota, bakinta yana duban tudun ƙasa, nesa da gari, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan itace. Sa'an nan a sāke duba wuya.

8. KIYAYEWA

Rigakafi ya fi magani. Da shigar hunturu ka gwada ƙusoshi, in sun saki ka ɗaure su daidai, ban da tsanantawa. Mai kaɗan ya ishi ƙarfe. Bayan ka shafa, ka jingine ta baki ƙasa bisa ɗan katako, don abin da ya rage ya gangara waje. Kada ka rataye ta bisa murhu, ko ka bar ta a rana, ko ka jingine ta a bangon ƙasa inda gara ke hawa. In ruwa ya dake ta, ka goge ka bar ta ta sha iska a inuwa. Ka ajiye ta ba ɗuri, a kulle, harsashi a wani wuri dabam inda yara ba su kaiwa.

9. GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Ku ne kuka san gidan da ke da bindiga. In an gama girbi, kafin a fara fita farauta, ku kira Sarkin Baka da mutanensa, kowa ya zo da tasa ba kome a ciki. Duk wadda aka gani da naɗin waya ko roba a wuya, a kwance naɗin a ga abin da ke ƙarƙashi. Wadda ta tsage kada ta bi jama'a daji, kada kuma ta shiga taron salla ko na biki, sai an gyara. Wadda ƙarfenta ya mutu, ko wadda ba ta da takarda, ku taimaki mai ita ya miƙa ta ga hukuma. Ku san masu gyara da ke da izini a ƙasarku, ku nuna wa jama'a su. Ku kuma sa a dasa maɗaci a bakin hanya da filin makaranta, domin masassaƙan da za su zo bayanmu su sami abin aiki.

Kai kuma manomi, in ka karanta wannan takarda, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya boko ba. Sa'an nan ka ɗauko taka yau, ka tabbata ba kome a ciki, ka fita da ita cikin haske ka dubi wuyanta.